Aika gato da cincin daga Damagaram su isa lafiya: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Da sallah ta matso ko aka koma lakwal tambayoyin nan dai su ne ake ta yi mani, wata ɗanta na jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wata maigidanta na aiki Arlit, wata kuma ɗiyarta aka kai aure Kwatano tana so ta aika mata ɗanɗanon gida. Abin da nake fara gaya ma kowa shi ne yawancin gaton (wato biskit da kek da makamantansu) da ke lalacewa a hanya tun daga madafa aka ɓata shi, mota ƙarasawa kawai ta yi. Ga tambayoyin yadda suke zo mani.

Hajiya wane irin gato ne ya fi jure hanya?

Busasshe mai ƙaras-ƙaras, wanda in kin karya shi za ki ji ƙara. Cincin, biskit na fulawa da sukari da aka gasa ya bushe har ciki, dublan da ya sha suya sosai, kantun riɗi, kantun gujiya, ƙuli-ƙuli, waɗannan duka 'yan tafiya ne. Nakiya kuma ita ce uwarsu, ai ba banza ba iyayenmu ke saka ta cikin garar amarya, shinkafa ce da aka soya da man shanu da zuma ko sukari da kayan ƙamshi, babu ruwa a jikinta shi ya sa take yin watanni ba abin da ya same ta in dai an yi ta yadda ya kamata.

Waɗanda ba na ba da shawara a ɗora ma hanya mai nisa su ne kek mai laushi, duk wani gato da aka shafa ma kirim ko aka cusa ma madara a tsakiya, da wanda aka lulluɓe da cakulan. Cakulan tun zafi bai kai digiri 35 ba yake narkewa, mu kuwa nan a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, balle cikin ƙasan bas inda ake loda kaya kusa da inji. In yaro ya nace sai mai cakulan to ki zuba garin koko cikin kwaɓin, ɗanɗanon na nan kuma babu abin da zai narke.

Gireba fa? Ita 'yata ta fi so amma duk sanda na aika gari take isa

Gireba ba ta saurin lalacewa don mai ne da fulawa da sukari, ruwa kusan babu, matsalarta ɗaya ce rauni, da an taɓa ta ta marmashe. Ki yi ta ƙanana masu kauri, kar ki yi masu faɗi. Ki bar ta ta kwana bayan gashi don ta kama jikinta. Wajen jerawa ki haɗa biyu-biyu, gindi da gindi, ki naɗe kowace biyu da 'yar leda ko takardar gashi sannan ki jera a gwangwani, ba a leda zalla ba. Aiki ne mai cin lokaci na sani, amma gireba ba ta da wata hanyar.

Akwai abin da zan canza tun a kwaɓi in na san tafiya zai yi?

Akwai sosai, kuma nan ne na fi so mata su tsaya su saurara. Ki rage ruwa, kwaɓin ya yi tauri ya fi na ci a gida. In kina saka madara ki saka ta gari, kar ki saka ta ruwa ko nono. Ƙwai ma ki rage, yawan ƙwai na sa gato laushi kuma ba ya barin shi daɗewa. Zuma na da daɗi amma tana jawo laima daga iska ta riƙe, saboda haka gaton da kike so ya zauna ƙaras-ƙaras farin sukari ya fi masa, zuma ki bar ma alkaki da nakiya.

Ki murza shi da kauri daidai, wanda ya yi siriri da yawa karyewa yake, wanda ya yi kauri da yawa kuma waje ya gasu ciki na da ɗanye, to wannan ɗanyen na ciki shi ne ke fitowa bayan kwana biyu ya sanyaya sauran duka. Da kin sauke ki ɗauki ɗaya mafi kauri ki karya ki duba tsakiya, in kalar tsakiyar ta fi gefe duhu kamar akwai danshi to bai yi ba. Ni abin da nake yi in an gama gashi sai in rage wuta can ƙasa in maida shi kamar minti goma ya ƙara bushewa. Mai gashi da tukunya da yashi ita ma haka, ki kwashe yawancin garwashin da ke kan murfi da na ƙasa ki bar kaɗan, ki ɗan karkace murfin tururi ya samu wajen fita.

Cincin kuma kar a cika wuta. Wuta mai ƙarfi na sa bayansa ya yi ja nan da nan alhali cikinsa bai soyu ba. Matsakaiciyar wuta, ki jira har kumfar man ta ragu, wannan kumfar ruwan cikin kwaɓin ne ke fita, in ta lafa to ya bushe.

Na gama suya da dare kuma bas da asuba take tashi, in ƙulle kawai?

A'a don Allah. In da sauran ɗumi ko kaɗan ne kika ƙulle a leda, tururi zai taru ledar ta yi gumi ta ciki, ruwan ya koma jikin gaton, kafin ya kai Dosso ya saki, in kuma ya ƙara kwana biyu a haka fumfuna ce za ta biyo. Ki baza shi a faifai ko tire, kar ki tara shi tsibi, ki rufa da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, ki ɗora a inda kiyashi ba zai hau ba. Ki sa bayan hannunki a tsakiyar tarin, sai kin ji shi da sanyin ɗaki daidai. Gara ki yi suya da safe ki ƙulle da yamma ki kai tasha, in lokaci ya ƙure kuma ki bari sai motar jibi, saƙon da ya makara kwana ɗaya ya fi wanda ya isa a lalace.

Leda, roba ko gwangwani, wanne ya fi?

Biyu ake haɗawa. Leda na tsare iska da laima, gwangwani ko roba na tsare dannewa, ɗaya ba ya yin aikin ɗaya. Farar leda sabuwa mai kauri za ki nema, akwai su a kasuwar Dole, kar ki zuba abinci kai tsaye a baƙar leda. Ki kasa shi ƙulli ƙanana, daidai abin da mutum zai cinye a kwana biyu ko uku, saboda duk buɗewa ɗaya iska ce ke shiga, in babban ƙulli ɗaya ne to ranar da aka buɗe shi ranar ya fara tsufa gaba ɗaya.

Ki matse iskar da hannu a hankali kafin ki rufe. In ba ki da injin liƙe leda kyandir na yi, ki ninke bakin ledar a kan gefen wuƙa ko rula, ki wuce da ninkin kusa da harshen wutar da sauri ba tare da kin tsaya ba, za ki ga ya haɗe ya yi layi ɗaya, sai ki ɗan danna ƙullin ki ji ko iska na fita. In tana fita ki sake. Sannan ki ƙara leda ta biyu.

Gwangwanin madara na Nido babba ba abin da ya kai shi a wannan aiki. Ki wanke, ki kife a rana ya bushe ƙayau har cikin lungun bakinsa, don ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale can ya isa ya ɓata miki aiki. Robar fenti ko wadda aka taɓa zuba omo ko kananzir kar ki yi amfani da ita ko an wanke sau nawa.

Zan iya haɗa alkaki da dublan da cincin a mazubi ɗaya?

Kwali ɗaya eh, leda ɗaya a'a. Alkaki ya sha ruwan sukari ko zuma, yana da danshi, cincin kuma busasshe ne, in suka zauna tare cincin zai ja danshin ya yi laushi shi kuma alkakin ya bushe, kin yi asara biyu. Kowa da ƙullinsa. Mai citta da kanumfari ma ki ware shi daga mai madara, in ba haka ba duka ƙamshi ɗaya za su koma.

Yaya zan jera cikin kwali?

Kwali mai kauri, ba wanda ya sha ruwa ya yi laɓo-laɓo ba. Ki shimfiɗa wani abu mai taushi a ƙasa, takarda da aka cukuikuye ko tsohon zane wankakke, ki sa gwangwanin a tsakiya yadda ba zai taɓa bangon kwalin ba ta kowane gefe, ki cike gefe da gefe da sama. Masu nauyi kamar nakiya da kantu su ne a ƙasa, gireba da dublan a sama. Wata dabara da nake so ita ce gugguru, ki ƙulla shi a leda ki cusa a gefuna, ba shi da nauyi, yana tare bugu, kuma yara su cinye in ya isa.

Cikin gwangwanin kansa ma kar ki bar fili, in bai cika ba ki cusa takarda mai tsabta a saman. Kafin ki liƙe ki ɗaga kwalin ki girgiza kusa da kunnenki, in kin ji wani abu na motsi ki buɗe ki ƙara ciko. Ki tuna daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, duk wani rami da mota ta faɗa gatonki ma ya faɗa, hanyar Agadas ta Tanut kuwa wanda ya bi ta ya san girgizar da ake sha. Sai ki liƙe duk bakin kwalin da sikoc, sama da ƙasa da kusurwoyi, don kiyashi ta 'yar ƙaramar kafa yake shiga, kuma in kaya sun kwana a tasha ɓera ma na nan.

Jarida fa, zan iya naɗewa da ita?

Ciko a wajen gwangwani babu laifi. Amma kar ta taɓa abincin, mai na jan tawada.

Na aika cincin, da ya isa suka ce yana warin tsohon mai yana maƙaƙi a wuya. Me ya jawo?

Mai ne ya juya. Abu uku ke juya mai, zafi da iska da haske, kuma man da aka riga aka yi suya da shi sau biyu sau uku ya riga ya yi rabin hanya tun kafin ki zuba kwaɓinki. Cincin ɗin tafiya sabon mai ake sa masa, wanda kika soya kifi ko ƙosai da shi ki ajiye ma girkin gida. Ki shinshina man kafin ki ɗora, ko na gujiya ne ko na jarka, don wani tun a kasuwa ya daɗe a rana. Bayan suya ki tsane shi sosai a kwando, man da ya kwanta a jikinsa shi ke fara wari. Gujiya da riɗi su ma mai gare su, ki tsince gujiyar ki fidda duk wadda ta yi baƙi ko ta motse ko take ɗaci, irin wannan ba ɗanɗano kawai take ɓatawa ba, fumfunar da ke kama gujiya na da guba mai cutar da hanta kuma suya ba ta kashe ta.

Ina so in haɗa da sabulu da turaren wuta da kilishi a kwali ɗaya don kuɗin mota ya ragu

'Yar uwa na gane, kuɗin saƙo ba wasa ba, amma duk abin da ke da mai yana shan wari, leda kuma ba ta tsare ƙamshin turare da sabulu gaba ɗaya, a hankali yake ratsawa musamman in an sha zafi. Sabulu, humra, turaren wuta, omo, waɗannan kwalinsu daban ko da ƙarami ne. Kilishi da daddawa da yaji in dole ne to su shiga nasu gwangwanin mai murfi, gaton ma nasa, a liƙe kowane baki da sikoc. Kuma in kin kai tasha ki roƙi masu lodi kar su ajiye miki kusa da jarkar mai ko buhun albasa ko kifi busasshe.

Lokacin shekara na da tasiri?

Ƙwarai. Hunturu shi ne lokacin da ya fi sauƙi, iska a bushe take, cincin na daɗewa, ƙura kawai za ki kiyaye. Bazara matsalarta zafi, mai na saurin juyawa, bota na narkewa ya jiƙa takarda, saboda haka ki rage maiƙo kuma ki yi ƙoƙari kar kwalin ya wuni a rana a filin tasha. Damina kuwa, musamman watan Agusta, ita ce mai wuyar, gaton da kika baza ya huce in kika manta shi awa biyu uku sai ki tarar ya fara sanyi tun bai bar gida ba, to da ya huce ki ƙulle nan take. Kuma ki saka kwalin gaba ɗaya cikin babbar leda ko buhu mai leda a ciki, don in a saman mota aka ɗaure shi ruwa na iya samunsa ko da an rufa tamfol.

Ki duba inda za shi ma. Agadas da Arlit busassun wurare ne, can gato ba ya laushi sai dai ya ƙara tauri. Kwatano da Lome da Abijan bakin teku ne, iskarsu cike take da laima, ki gaya ma mai karɓa in ta buɗe ƙulli ta maida sauran cikin gwangwani ta rufe nan take.

Bas ko gidan waya?

In cikin ƙasa ne ni bas nake zaɓa saboda sauri, kamfanoni irin su Rimbo da STM da Al Izza na karɓar saƙo, motar Yamai da asuba take tashi ta isa ranar in hanya ta yi kyau. Ki karɓi rasit, ki ɗauki hotonsa da na kwalin ki tura ma mai karɓa ta WhatsApp, ki kira shi ya je ya ɗauka da wuri kar ya bar shi ya kwana uku a ɗakin ajiya. Dab da sallah kaya na yin yawa a tasha ana danne wani da wani, gara ki riga mutane da 'yan kwanaki.

Gidan waya, wato Niger Poste, ya fi amfani in ƙasar waje ce ko inda bas ba ta zuwa. In za ki bi ta nan ki kai a farkon sati don kar hutun ƙarshen sati ya same shi a ajiye, ki tambaye su kwana nawa yake ɗauka sannan ki zaɓi abin da zai jure fiye da haka. In kuma kin samu ɗan uwa mai tafiya wanda zai riƙe a hannu ai wannan ya fi duka, sai dai ki bar shi ya ga abin da ke ciki kafin ki liƙe, haƙƙinsa ne ya san abin da ya ɗauka.

In saka a firigo kafin ranar tafiya?

Busasshen gato ba ya buƙatar firigo, laima ma yake ɗauka a ciki. In kin yi shi da wuri ne kina jiran mai tafiya, wajen ƙanƙara ya fi, a ƙulle ruf cikin leda biyu. Ranar da za ki fitar kar ki buɗe ledar, ki bar ta a rufe har sanyin ya fita duka, gumin ya tsaya a bayan leda, ki goge sannan ki sa a kwali. Amma in unguwarku wuta na yawan ɗaukewa ki haƙura da wannan, daskarewa da narkewa da sake daskarewa ya fi ɓata shi a kan ki ajiye gwangwanin a lungun ɗaki mai sanyi.

Ɗana na Faransa, ɗan ƙanwata kuma Amurka, duwan, wato masu binciken kaya a iyaka, na barin gato ya wuce?

Busasshen biskit da cincin galibi suna wucewa. Abin da ƙasashen Turai da Amurka suka tsananta a kai shi ne nama, Turai kuma har da madara da cuku, saboda haka kar ki kuskura ki cusa kilishi ko dambun nama ko cuku a ciki, saboda su ana iya riƙe kwalin duka. A gidan waya za a ba ki takardar duwan, CN22 in ƙaramin saƙo ne, CN23 in babba ne, ki rubuta gaskiyar abin da ke ciki dalla-dalla, biskit na gida, fulawa, sukari, mai, kar ki rubuta kyauta kawai ki yi shiru. Ki sa a farar leda da ake ganin ciki, in sun buɗe kwali su gani da ido ba sai sun farke kowane ƙulli ba. Dokokin nan suna canzawa, ki sa yaron ya bincika ta can kafin ki kashe kuɗi.

Kwana nawa zai yi bai lalace ba?

In an bi abin da na faɗa, busasshen biskit da gireba sati biyu zuwa uku suna nan da daɗinsu, cincin ya kan kai wata, alkaki da dublan masu ruwan sukari ki lissafa musu ƙasa da haka, kek kuwa a zafinmu kwana uku ma da kyar. Ki rubuta ranar da kika yi a jikin ƙullin, yaran makaranta sukan ɓoye abu cikin akwati su manta.

An ce a saka yankan burodi a ciki yana hana bushewa, gaskiya ne?

Ga gato mai laushi da ke ajiye a gida gaskiya ne, yana jan danshin burodin. Amma a kwalin da zai yi kwanaki cikin zafi burodin ne zai fara fumfuna ya shafa ma sauran, kuma in cincin ne laushi zai sa shi. Ni ba na sakawa.

Ya isa amma ya yi laushi, a zubar?

A duba tukuna. In babu fumfuna, babu wari, babu maƙaƙi, laushi ne kawai, a baza a tire a sa a wuta marar ƙarfi kamar minti biyar, ko a zuba a busasshen kasko a kan garwashi kaɗan ana juyawa, a sauke a bar shi ya huce, sai ya huce ƙaras ɗin ke dawowa. In kuwa an ga fari-fari ko kore-kore kamar auduga ko da a jikin ɗaya ne, ƙullin nan duka a zubar, kar a ce za a kankare a ba yara.

Me zan rubuta a jikin kwalin?

Sunan mai karɓa da garinsa da lambar wayarsa, manya-manya, a gefe biyu, da taki lambar a ƙasa. Ki zana kibiya mai nuna sama, ki rubuta abinci ne kar a danne, da Hausa da Faransanci. Ki sa wata takardar mai suna da lamba a cikin kwalin ko da ta waje ta goge ko ta yage. In akwai gujiya ko riɗi ko ƙwai a ciki ki rubuta a jikin ƙullin, don ɗalibi ba shi kaɗai yake ci ba, da abokan ɗakinsa ne, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gujiya ko kaɗan, wani har numfashinsa take toshewa.